Albasar Malam Sabo

Hasiya ta taso daga aiki ke nan ta tarar da Malam Sabo durƙushe a gaban gidansa. Ya shimfiɗa wani tsohon buhun shinkafa ya ɗora gwiwoyinsa a kai, robar iskar numfashi ta bi ta hancinsa ta zagaye kunnuwa, ta tafi ga 'yar tukunyar da ya jingine da matakala. Ya haƙa dogon rami a ƙarƙashin tagar falo, yana jera wasu ƙwayoyi a ciki ɗaya bayan ɗaya, tsinin kowace yana kallon sama. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwan Springfield ya fara zuba, iska kuma ta fara cizo.

"Sannu da aiki, Malam. Yau kuma noman rani aka koma?"

"Yawwa, Hasiya. Ya gajiya? Albasa nake shukawa."

Ta leƙa ramin. Ga su nan kuwa kamar albasa, da ɓawo mai ruwan ƙasa da ɗan gemu a gindi, wasu manya, wasu ba su fi ƙwayar goro ba. Hasiya ma'aikaciyar jinya ce a gidan kula da tsofaffi, gidanta kuma jikin nasu yake, shinge kawai ya raba. Ta san numfashin mutumin da huhunsa ya gaji, kuma irin wannan numfashin take ji yana fita daga ƙirjin maƙwabcinta. Malam Sabo ya yi rayuwarsa yana aikin fassara a wani ofishin gwamnati cikin birnin Washington. Mutum ne da zai tsayar da kai a bakin masallaci har takalminka ya yi sanyi a kan kalma guda, amma tunda ta san shi ba ta taɓa ganin ya riƙe fartanya ba.

Ƙofa ta buɗe, matarsa Hajiya Rumasa'u ta leƙo da atamfa mai ja da ruwan ɗorawa, ɗankwali ya sha ɗauri. Ita ko ciwon kai take yi sai ta sa kala.

"Kin gan shi ko, Hasiya? Likita ya ce ya kwanta ya huta, shi kuwa ya ga babu hutun da ya fi tonon ƙasa. Albasar da ke cike da kanti. Malam, shayin nan sau nawa zan ɗumama shi?"

"Ina zuwa, Hajiya."

"Tun ɗazu kake zuwa."

Ta mayar da ƙofar da ɗan ƙarfi. Malam Sabo ya jira har ya ji tafiyarta ta yi nisa cikin gida, sannan ya zauna a kan diddigensa ya yi wa Hasiya alama ta matso.

"Ke mai jinya ce, ba sai na yi miki kwana-kwana ba. Likita ya ce in na ga ƙarshen sanyin bana, na yi ƙoƙari."

"Rai a hannun Allah yake, Malam."

"A hannunsa yake. Amma ai ya ba mu hankali mu yi shiri. In na tafi, Rumasa'u za ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba fita, ba kwalliya, ba turare, ba zane mai kala. Kin dai san ta. A gida da akwai tsakar gida, da dangi masu shiga da fita. A nan kuwa wannan tagar kaɗai za ta rage mata, kuma dubi abin da tagar take kallo."

Hasiya ta juya. Gidajensu ne na ƙarshen layi, gabansu kuma babu komai sai doguwar katangar siminti da aka gina don tare ƙarar motocin babbar hanya.

Ya ce furanni ne, ba albasa ba. Wata tsohuwar Ba'amurkiya mai suna Olive, wadda a da take can farkon layi, ita ta koya masa kafin ta sayar da gidanta ta koma wurin 'yarta. Sai an binne su yanzu, sanyi ya dake su a ƙarƙashin ƙasa, sannan su yarda su yi fure. Ya nuna mata yadda ya jera su hawa-hawa. Na sama-sama ƙananan ne, su ne 'yan gaggawa, suna fitowa tun ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Suna bushewa masu ruwan ƙwai za su karɓa, bayansu jajaye. Can ƙasan ramin kuma ya sa manyan, waɗanda ba sa fitowa sai an fara jin zafi, kowanne da kai kamar ƙwallo, shunayya.

"Kamar mai gero da dawa da maiwa a gona guda," in ji shi, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Wannan na ƙarewa wancan ya nuna. Ba na so ta ɗaga labule ko sau ɗaya ta ga babu kala. A ofis, in za mu fassara sunan lokacin nan da ke bin sanyi sai mu ce bazara. Na sha gaya musu ƙarya muke yi. Bazara a gida ai lokacin da komai ya ƙone ne."

"To me ya sa ba za ka faɗa mata ba? Haushinka take ji."

"In ta ji kalmar takaba daga bakina ina da rai, ba za ta yafe mini ba. Ko zancen likita ba ta bari in ƙarasa. Bari ta gani da idonta, za ta gane. Amana na ba ki, Hasiya. Ko ita, ko ɗanmu Nasir, ko mutanen masallaci. Albasa ce."

Ta ce ta karɓa. Tausayinsa ya cika mata ciki, sai ta tsuguna da kayan aikinta a jiki ta riƙa miƙa masa ƙwayoyin.

Aikin ya ci masa makonni, domin ƙarfinsa bai wuce na ɗan lokaci da hantsi ba. Da ya gama binnewa sai kurege ya gano wurin, ya mayar da shi kasuwa. Ya sa aka kawo masa ragar waya ya shimfiɗa a kai ya danne da duwatsu, ya tara busasshen ganye ya lulluɓe. Wurin ya koma kamar juji. Ranar da ya gama, sanyi ya shige shi, kuma daga nan bai ƙara taka waje da ƙafarsa ba.

Hajiya Rumasa'u ta yi jinyarsa yadda ya kamata, babu wanda zai ce ta gaza. Amma in Hasiya ta shigo duba shi suka koma kicin, sai abin da ke ranta ya fito.

"Ɗan sauran ƙarfin da Allah ya bar masa, da ya kamata mu zauna mu yi hira, ya je ya zuba shi a rami. In na yi magana ya ce yana zuwa. Ni ya gaji da gani, Hasiya. Tun muna da ƙuruciya haka yake, ko takarda ko rediyo, yanzu kuma ƙasa. Kullum akwai abin da ya fi ni."

"Ba haka ba ne, Hajiya."

"To yaya ne?"

Maganar ta zo wa Hasiya har bakin leɓe. Ta haɗiye ta, ta ce a ƙara haƙuri, ta ci gaba da wanke kofunan da ke gabanta.

Da jiki ya yi nauyi aka sauko masa da gado falo, kusa da tagar, amma ba ya iya ɗaga kai ya ga ƙasa. A ƙarshen Fabrairu ƙanƙara ta narke. Wata ranar Talata da la'asar Hasiya ta shigo, Hajiya tana sama tana salla, sai ya buɗe ido ya motsa leɓe. Ta sunkuya.

"Sun fito?"

Ta fita ta ɗaga ganyen da yatsa. Ta cikin ramukan ragar, wasu korayen tsinkaye sun huda ƙasa, sirara, cunkus, kai ka ce ciyawa ce.

"Sun fito, Malam. Da yawa."

"Alhamdu lillahi. Lissafi ya yi daidai."

Har da ɗan murmushinsa na mutumin da ya ci gardama. Washegari bayan azahar ya cika, hannunsa a cikin na Hajiya.

An yi jana'iza an kai shi. Ɗansu Nasir ya iso daga Houston, mutumin kirki mai jin Hausa yana mayarwa da Turanci. Gida ya cika da mata, maza kuma suka rasa wurin zama, suka tsaya a bakin titi cikin manyan riguna suna hura hannu. Hasiya ta yi ta kai da kawo har ƙafafunta suka kumbura. Rana ta biyu dole ta koma aiki, domin wadda ta riƙe mata aikin ba za ta iya ƙarawa ba. Ta wuce ta gaban ragar da safe, ta ga har wasu sun fara kumburin kai, ta ce a ranta in an share makoki za ta ɗage ganyen.

Ranar sadakar uku ta fito da hantsi rungume da kular waina. A bakin shinge ta tsaya.

An kafa rumfa a gaban gidan. Ƙarƙashin taga an shimfiɗa tampol shuɗi, an jera kujerun roba a kai, wurin ya yi fes, ya yi sumul. Ragar waya tana naɗe a gefe. Baƙaƙen ledoji cike, an ɗaure bakinsu, suna jingine da katanga. Alhaji Gafaru, aminin marigayin, yana wanke fartanya a bakin famfo, wandonsa naɗe zuwa gwiwa. Mutumin Kumasi ne mai shagon kayan abinci, dattijo mai zuciya, irin wanda in ana makoki ba ya iya zama sai hannunsa na aiki.

"Hajiya Hasiya, sannu da ƙoƙari. Kin ga mun gyara wuri." Ya yi maganar da Hausarsa ta Kumasi, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. "Jiya na ce wa Nasir, mutane za su zo addu'a, gaban gidan Malam kamar bola? Waya zai yanke wani. Da na ɗaga, duk aya-aya ya cinye wurin. Kin san aya-aya, in ba ka tono ƙwayar ba gobe zai dawo. Sai da na bi shi har ƙasa."

"Ƙwayar," in ji Hasiya.

"Da albasan da Malam ya sa. Allah ya jiƙan shi, shi malamin takarda ne, ba manomi ba. Wa ke shuka albasa a sanyi? Hajiya ma ya ce a kwashe, ba ya son ganin shi."

Nasir ya fito da wasu kujerun a kafaɗa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce mata da Turanci kafin ya koma zai sa a zuba tsakuwa a wurin, don kada Mama ta sha wahalar ciyawa.

Hasiya ta ajiye kular a kan matakala. Ta je ta kwance leda ɗaya. Ga su nan cakuɗe da ganye da laka, saiwoyi a tsinke, yawancinsu fartanya ta raba su biyu. Ta ɗauki wani ɓari. Cikinsa fari ne tas, a tsakiya kuma ga wani ɗan abu mai ruwan ƙwai a naɗe, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, furen ne da kansa yana jiran lokacinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta ga laifin Alhaji Gafaru ba, mutumin da ya baro shagonsa ya zo ya yi gumi cikin sanyi don amininsa. Da ta buɗe baki da kalma ɗaya tun ranar jana'iza, da babu wanda zai taɓa wurin. An ce ta yi shiru, ta yi shiru, shirun kuma ya cinye abin da aka ba ta tsaro. Ga maza sun fara isowa suna sallama, dole ta ɗaure ledar ta ɗauki waina ta shiga ciki.

Ta tsinci waɗanda ba su fashe ba ta kai gida ta sa a tukwane. Wasu suka ruɓe, wasu suka fitar da ganye biyu suka kwanta. Ko ɗaya bai yi fure ba.

Lokacin ya zo kamar yadda Malam Sabo ya faɗa. In Hasiya ta fita aiki, gaban kowane gida a unguwar sai ka ce an shanya atamfofi, wannan kala na tafiya wata na zuwa, a jere yadda ya lissafa mata. In ta dawo ƙarshen layinsu sai ta tarar da farar tsakuwa da katangar siminti. Baƙi sun ɗauke ƙafa, Nasir ya koma bakin aikinsa. Hajiya Rumasa'u tana zaune a falo cikin zane mai ruwan toka da farin hijabi, carbi a hannu, ta rame, zoben da ta cire ya bar alama a yatsa. Labulen tagar kuwa tun tana ɗagawa da safe har ta daina.

Wata rana a cikin Afrilu Hasiya ta kai mata kunun gyaɗa, ta same ta tana kallon inda gadon ya taɓa zama.

"Na yafe masa," in ji Hajiya, ba tare da an tambaye ta ba. "Kullum in na yi salla sai na ce na yafe. Amma zuciyata ta ƙi bin bakina. Ko kalma ɗaya bai bar mini ba, Hasiya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan kalmomi."

Hasiya ta ga mai amanar ya tafi, abin amanar ma ya tafi, babu sauran abin da shirunta yake karewa. Ta ajiye kofin ta faɗa mata duka: ramin, da hawa-hawan, da gero da dawa da maiwa, da tagar, da tambayar da ya yi mata ranar Talata. Tana faɗa tana kuka.

Hajiya ta saurare ta har ƙarshe. Sannan ta miƙo hannu ta dafa mata gwiwa, ta yi ɗan murmushi.

"Allah ya yi miki albarka. Kin iya lallashi, aikinki ne. Haka kuke yi wa tsofaffinku a can ko?"

"Wallahi, Hajiya, gaskiya nake faɗa miki."

"Kar ki yi rantsuwa saboda ni. Da bakinsa ya ce mini albasa ce, ba sau ɗaya ba. Gafaru ya tono, ya ce albasa ce. Malam bai taɓa saya mini fure ba tunda muke. Sai da ya zo mutuwa?" Ta girgiza kai. "Bar shi kawai. Allah ya jiƙansa."

Hasiya ta nemo hotunan irin furannin a waya ta nuna mata. Hajiya ta ce suna da kyau, ta mayar mata da wayar, ta tambaye ta ko an fara samun alayyafo a shagon Gafaru.

Sai cikin watan Mayu, da zafi ya fara shigowa, Hasiya ta ga wani abu a gindin bangon, daidai ƙarƙashin tagar, inda fartanya ba ta iya kutsawa ba. Kara guda ne ya ture tsakuwa ya fito, a karkace. Ba ta gaya wa kowa ba. Kullum in za ta wuce sai ta duba shi, gabanta na faɗuwa kada kurege ko iska su riga ta. Ya yi tsawo har ya kai mata gwiwa, ya yi kai, ran nan da safe kan ya buɗe. Ƙwallo ne shunayya, girman lemo, an haɗa shi da ƙananan furanni masu yawa. Na can ƙasan ramin ne, wanda aka shirya ya rufe takaba.

Ya matse da bango sosai, ba a ganinsa daga ciki. Hasiya ta shiga da saurinta ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Hajiya, taso ki ga wani abu. Nan bakin ƙofa kawai."

"Ba na fita, kin sani."

"Gaban gidanki ne. Babu malamin da ya hana."

"Na saba da zamana. Mene ne?"

Hasiya ta ɗauki wuƙa a kicin ta fita. Ta ɗan tsaya a kansa, don shi kaɗai ne, sannan ta yanke shi daga ƙasa. Ta zuba ruwa a kofin gilashi ta tsoma shi, ta kawo da hannu biyu ta ajiye a kan tebur gaban Hajiya.

"Ga shi. Cikin na Malam ne. Shi kaɗai ya tsira."

Hajiya Rumasa'u ta ajiye carbi. Ta zaro furen daga ruwa, ta juya shi a hankali, ta daɗe tana dubawa, har Hasiya ta ga kamar wani abu yana motsi a fuskarta. Sai ta kai shi hanci. Kan bai da wani ƙamshi. Ta juyo da gindin karan, inda wuƙa ta yanka, ta shinshina. Hasiya ma daga inda take tsaye ta ji warin, ya kuma kama mata yatsu, wari ne da duk macen da ta taɓa shiga kicin ta sani. Olive ba ta gaya wa Malam ba, ko ta gaya masa bai ga amfanin faɗa ba, cewa wannan na ƙarshen ɗan'uwan albasa ne na jini.

"Kin ji ko?" in ji Hajiya a hankali. Babu gardama a muryarta, sai gajiya. "Albasa ce ta yi fure. Haka take yi in an bar ta ta tsufa a ƙasa."

Ta mayar da shi cikin kofin ta miƙa wa Hasiya.

"Kai shi kicin, kar ya cika mini falo da wari."

Hasiya ta karɓa. Ta kai shi ta ajiye a gefen wurin wanke-wanke, kusa da kwandon da Hajiya ke zuba albasa da tattasai. Karan ya jingina da bakin kofin, kan ya sunkuya kaɗan. Daga falo ta ji ƙwayoyin carbi sun ci gaba da bugun juna, labulen tagar kuma yana nan a sake.